Mu'azu da Shafin Yayarsa

Malam Mu'azu na Achida ba mutumin da za ka gayyata wurin biki ba ne. Da an fara zuga wani sai ya ɓata fuska kamar wanda ya tauna tsakuwa a shinkafa. A Kwargaba aka haife shi. Uwarsu ta rasu yana goye, yayarsa Khadijatu ce ta ɗauke shi ta raina. Ya yi karatu ya zama malamin firamare, da rani kuma yana taɓa noman albasa. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, don haka na san halinsa fiye da yadda nake so.

Abin da ke cinye masa lokaci shi ne kundin nan na intanet da kowa ke iya shiga ya rubuta tarihin wani. Ba mai biyansa, kuma aikin nasa kusan duk gogewa ne. Mutanenmu in za su rubuta tarihin mutum, aikin maroƙa suke yi: shanunsa sun cika garke, gidansa ne mai bene kusa da masallaci, 'ya'yansa suna makaranta kaza. Sai Mu'azu ya bi ya share. Ya ce mai rai ba a tallan ƙofar gidansa, balle yanzu da 'yan bindiga suke da kunne a kowace kasuwa. Jama'a suka ce hassada ce ke damunsa, suka sa masa Malam Goge. Ya amsa sunan abinsa.

Ita Khadijatu ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti, a ƙauyen da aure ya kai ta, can bayan Gandi. Ma'aikata duk sun gudu saboda tsoro, ita kaɗai ta rage. Wata ƙungiya ta ba ta lambar yabo, sai wani mai rubutu a kundin, Bilyaminu, mazaunin Sakkwato, ya buɗe mata shafi. Bai yi da mugunta ba, son ta ne ya yi masa yawa. Ya sa hotonta, ya faɗi ƙauyen, ya ce gidanta ne na gefen famfo. Ya ce a duk yankin ita kaɗai ta iya ɗinke rauni, kuma kowace ranar kasuwar Gandi takan je sayen magani a kan babur.

Ranar da Mu'azu ya gani, ya shigo zaurena ko sallama babu.

"Duba wanga aiki," ya ce, yana miƙo mini waya. "Mutanen daji likita suka nema ido rufe, shi ko ya zana musu hanya har ƙohwa tata."

Ya goge. Bilyaminu ya mayar, ya rubuta masa cewa ƙanin da ke baƙin ciki da ɗaukakar yayarsa abin tausayi ne. Ya sake gogewa, aka sake mayarwa. Abin takaicin ma, a kundin nan ko ka goge magana tana nan a bayan shafi, duk mai so zai tono ta. Manyan masu kula da kundin ne kawai ke iya rufe shafi su ɓoye abin da aka taɓa rubutawa. Yana shirin kai musu kuka gwamnati ta yanke layukan waya a yankinmu gaba ɗaya.

Ban taɓa ganin Mu'azu haka ba. Ya hau tudu, ya hau rufin aji yana ɗaga waya sama, babu ko ɗigon layi. Ƙarshe ya maƙale a bayan motar albasa zuwa Sakkwato, ya zauna a bakin tasha ya rubuta musu. Suka amsa a ranar. Suka rufe shafin ga baƙin hannu, sai tsofaffin masu rubutu kawai ke iya taɓa shi, suka ɓoye tsohon rubutun, suka ja wa Bilyaminu kunne. Sai dai kafin nan an riga an ɗauki hoton shafin, ya zaga wayoyin mutane ana sa albarka.

Daga Sakkwato bai tsaya gida ba, ya wuce wurinta. Ya ce ya same ta tana wanke almakashi.

"Yaya, ki taso mu tahi Achida. Sunanki ya shiga hannun da ba mu sani ba."

"In bar ma wa matanga?" ta ce. "Rahama cikin hwari gare ta, watanta ya tsaya. Mi kaka so, in ce ma ciki shi jira?"

Ya durƙusa ya kama ƙafarta, babba da shi yana hawaye. Ta yi masa dariya, ta ce tun yana ƙarami inuwarsa ma tsoro take ba shi. Ta ƙulla masa busasshen kifi ta ce ya gaida yara.

Bayan 'yan makonni 'yan bindiga suka tare ta a hanyar kasuwar Gandi. Suka saki mai babur, suka tafi da ita da jakar maganinta. Ba su nemi fansa ba. Ko shafin suka gani, ko wani ya tsegunta musu, ba wanda ya sani, kuma rashin sanin nan shi ke cin Mu'azu. Ya rame, ya bar gonar albasa ta bushe. Wallahi tausayinsa har hana ni cin abinci yake.

Da aka dawo da layi, jita-jita ta bazu cewa ta rasu a daji. Bilyaminu, cikin nadama, ya shiga shafin ya sa shekarar rasuwa, ya ƙara da addu'ar Allah ya jiƙanta. Mu'azu ya cire, ya rubuta masa a kawo shaida. Dangi suka zo da tabarmi za a yi zaman makoki, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Wanda yag ga gawa tata shi zo shi gaya min," ya ce. "In babu, Yaya na da rai."

Yanzu shafin bai fi layi biyu ba: sunanta, aikinta, da shekarar da aka haife ta. Gaban shekarar, inda ake sa ta rasuwa, babu kome. Wurin nan Mu'azu yake dubawa kowace safiya kafin ya tafi makaranta.