Yatsu Biyu na Baba Laouali

Direbobin bas ɗin farko da ke tashi daga Glenwood duk sun san Baba Laouali. Shekara goma ke nan yana hawansa bayan sallar asuba, ya sauya wani a tsakiyar gari, ya sauka a East Greensboro gaban zauren da ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna wannan ƙasa ta Turawa ke haya, inda muke sallar Juma'a da suna da walima da rigimar zaɓen shugabanni. Shi ke buɗewa, ya share, sannan ya durƙusa da tsumma ya goge daɓen da hannu, alhali ga sandar guga can jingine da bango. Da yamma ya wuce wata firamare inda yake shara bayan an tashi yara. Ranar Juma'a kuwa, in muka tuɓe takalma muka watsar a bakin ƙofa kamar yadda muka gada, kafin a ta da salla ya jera su biyu-biyu, kowanne ya juya bakinsa waje, don mai shi ya zura ƙafa kawai ya wuce.

Ranar Lahadi mai zuwa zai ajiye makulli, gwiwa ta ce ta gaji. Kwamiti ya ce ni zan rubuta masa jinjina, tunda ni ne sakataren al'adu. Ba su san sun ba kura ajiyar nama ba. Ni Surajo na fi shekara shida ina jin haushin bawan Allahn nan, kuma gara in faɗa da bakina tun daga farko.

Mutumin Maraɗi ne. Neman abinci ya kai shi Kobe, wani birnin bakin teku a Japan, ya shekara goma sha ɗaya yana cusa tsofaffin motoci da kayan gyaransu cikin kwantena. Wasu sukan baro can da rediyo da kyamara, shi kuwa lissafin bukukuwan unguwarsu ya taho da shi a ka. Yakan ce a can shekara ba ta wucewa haka nan. In bishiyoyi suka yi fure, a shimfiɗa a ƙarƙashinsu a ci abinci. In zafi ya fara, a rataye kifayen ƙyalle iska ta hura su. In ya tsananta, kowa ya rubuta burinsa a takarda ya ɗaura a reshen gora. A ƙarshen shekara kuma a fito da turmi a daka turararriyar shinkafa mai danƙo har ta zama curi, su ce mata moci. Shekarar da girgizar ƙasa ta rushe rabin unguwarsu ma, ya ce, da Disamba ya zo sai da aka yi dakan nan.

"Ni na tsaya gehe guda ina kallo, awa baƙo," in ji shi. "Wani tsoho da gidanshi ya hwaɗi ya kamo hannuna, ya ce nan ba mu da ɗan kallo. Walà. Shi ke nan abin da na koyo Japon."

To, ni ma ina da nawa bikin. Ranar Al'ada muke ce masa, kuma tun kafin ya fara nasa nake shirya ta. Akwai babban tebur da farin ƙyalle, da shugaban taro, da uban taro, da babban baƙo, da baƙo mai jawabi. Ni kuma in tashi da takarda shafi tara a kan muhimmancin harshen uwa. Iyaye na gyangyaɗi da ladabi, yara na can baya suna danna wasanninsu. Ban taɓa ganin laifin tsarin ba, haka na ga ana taro tun ina Kano.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kuwa a gidana yake. 'Yata Hanifa a nan aka haife ta, kuma tun ranar da ta shiga makaranta ta rufe bakinta da Hausa. In ce ina kwana, ta ce, "Good morning, Daddy." Na lallasa, na yi faɗa, na taɓa kwana biyu ban amsa mata Turanci ba, sai kawai ta koma wajen uwarta. Sakataren al'adu guda, 'yarsa ba ta iya ce masa sannu da zuwa. In mahaifiyata ta kira daga Fagge ta ce a ba ta takwararta, sai in ce ta yi barci.

A watan Afrilun 2002 mai sharar zaurenmu ya fara nasa. Bai nemi izinin kwamitina ba, bai buga takardar gayyata ba. Ce wa mata ya yi su kawo tabarmi da dambu wurin shaƙatawa, farin furen nan na bazara ya buɗe. Da Mayu ya zo ya ce zai ɗinka kifaye da tsofaffin atamfofi, amma shi ba zai roƙi kowa ba, kowane yaro ya je gaban wata Anti ya durƙusa ya roƙo ƙyalle da Hausa. A Yuli wani mai gonar dawakai a Summerfield ya bar shi ya sari gora, ya kafa ta a ƙofar zaure, yara suka ɗaura mata takardun burinsu. Babu babban tebur, babu jawabi. Alhajin da ya zo da babbar riga sai a miƙa masa almakashi. Zauren da nake fama in cika rabinsa ya zamana har a waje ana tsaye, kuma a gidana ban da "Baba Laouali said" ba abin da nake ji.

Sai na tuna ni mai kishin addini ne. Na je na sami limaminmu, Malam Boukari, na ce wannan ɗaure-ɗauren takarda a jikin itace fa al'adar masu bautar gumaka ce, ya kamata a karɓe makulli daga hannun mutumin nan kafin ya ɓata mana yara. Allah ya sani ba gumaka ne suka dame ni ba. Liman ya sa hularsa muka je tare, muka tarar da shi yana shara.

"Malam, wurin bautarsu can na baro musu, ban taɓa shiga ba," in ji Baba Laouali. "Lokaci na ɗauko, da aiki. Lokaci kuwa na Allah ne. Ka karanta ka gani."

Liman ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya. Wani ya rubuta Allah ya kai shi Maraɗi ya ga kakarsa, wata tana roƙon Allah ya ba babanta lafiyar baya. Duk da Hausa, karkatacciya, amma Hausa. Ya tsaya a kan wata shuɗiya, ya karanta, ya miƙo mini. Rubutun 'yata ne: "Allah ka sa in iya Hausa Baba ya bar hushi da ni."

Kuna tsammani na ji kunya? Na ji, amma kaɗan. Abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne kalmar nan, hushi. 'Yar Bakano, jikar Fagge, ta tashi rubuta Hausarta ta farko, sai ta rubuta ta Maraɗi.

Dakan Disamba shi ne babban bikinsa. Turmin da kansa ya sassaƙa shi daga kututturen wata bishiya da ruwan ƙanƙarar da aka tafka a ƙarshen 2002 ya kayar, taɓaryar kuma daga gida aka taho masa da ita, shinkafar daga kantin 'yan Biyetnam. Mutum biyu ke yi. Ɗaya na daka, ɗaya na durƙushe yana jiƙa hannu yana juya curin bayan kowane bugu. Ya kafa doka guda: mai taɓarya ba ya saukewa sai mai juyi ya janye hannu ya ce, "Sabke!" Yaron da ya ce "go" sai ya ga taɓarya ta tsaya a sama. "Wagga taɓarya ba ta je lakwal ba," in ji shi, wato makarantar boko, "ba ta jin Turanci."

Ranar Asabar ɗin jajiberin bikin 2004 na je ɗaukar Hanifa da la'asar. Su biyu na tarar suna gwaji, ita durƙushe gaban turmi, tana shekara goma, tana dariyar da na manta rabona da jin irinta a gida. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Malam Laouali, daka ai a gidajenmu aka haife shi, ba sai an je Japan ba. Ba ni nan."

Ya miƙo mini. "Bismilla. Amma ka jira ta ce."

Bugu na farko na jira. Na biyu ma na jira. A na uku hannuna ya tuna luguden mahaifiyata da ƙannenta a tsakar gida, inda taɓarya ke bin taɓarya ba mai jiran wani, don ba wanda ke sa hannu a turmi. Na sauke, hannun 'yata na ciki. Ban ga lokacin da Baba Laouali ya motsa ba. Ya doke hannunta gefe da nasa, taɓaryar ta sauka a kan yatsunsa, na ji ƙarar har cikin haƙorana.

Hanifa ta miƙe, ta dube ni ido cikin ido. "Baba! Mi ya sa? Ban ce ka sabke ba!"

Shekara biyar ina jiran yarinyar nan ta yi mini magana da Hausa. Wannan ce jimlar da na samu.

A hanyar asibiti yana riƙe da hannun cikin tawul, gumi na zubo masa duk da sanyin nan, sai ya juyo ya ce mini, "Ka ji ta kuwa? Magana guda cif, babu kure ko ɗaya." Ni da nake jiran zagi. Washegari ya zo biki da hannu a naɗe, duk wanda ya tambaya sai ya ce taɓarya ce ta zame. Bai taɓa cewa a hannun wa ba. Hanifa ma ya sa ta yi alkawarin yin shiru. Shekara huɗu ke nan ƙaramin yatsansa na dama da na kusa da shi ba sa lanƙwasuwa, da su yake jera mana takalma. To jama'a, yau kun ji. A hannuna ta zame, kuma ba zamewa ta yi ba, gadara ce.

Baba Laouali, kai ne ka rufa mini asiri lokacin da nake neman a ƙwace maka makulli. Kai ne ka gane cewa yaro ba ya koyon harshe daga kan kujerar baya, sai an ba shi abin yi da abin faɗa. Na Maraɗi, mai juya takalman mutane! Ka je ƙasar da ba ka da kowa, aka ce maka babu ɗan kallo, ka riƙe maganar ka tsallako teku da ita ka zo ka same mu muna kallon juna a kan babban tebur. Yaran da suka roƙi ƙyalle a wancan Mayu yanzu wasunsu na jami'a, kuma har yau in suka ga wata Anti sai sun rusuna.

Kada ka ɗauka na huce. Hanifa yanzu takan yi rabin awa a waya da kakarta, abin da na yi ta roƙon Allah. Amma duk ranar da suka gama sai tsohuwar ta ce a ba ni, ta tambaye ni, "Wai Surajo, wannan 'yar Nijar ɗin a ina ka samo ta?" Tahi take cewa, ɗiya take cewa, in na gyara mata ta ce haka Baba Laouali ke faɗa. Na haifa, na raina, na sha wahala, lafazin kuma naka. Wannan kishin da shi zan shiga kabari, kuma ban ga ranar da zan daina gode maka a kansa ba.

Allah ya saka maka da alheri, ya ba gwiwar nan sauƙi, ya sa yatsun nan biyu su yi maka shaida ranar da kowa ke neman shaida. Mu kuma da muka rage, ga zaure nan ya bar mana, ga turmi, ga gora. Wanda ya zo taro ya nemi abin da zai ɗauka kafin ya nemi inda zai zauna. Wanda ke son ɗansa ya yi Hausa ya ba shi aikin da sai da Hausar zai yiwu. Ranar Juma'a kuma kowa ya sunkuya ya juya takalminsa, don mai yi mana ya tafi hutu.

Jiya ya kira ni ya ce dakan ranar Lahadi shi ne na ƙarshe da zai tsaya a kai, kuma ya riga ya raba aiki. Hanifa ce za ta juya, ni zan riƙe taɓarya. Na ce masa a nemi wani, ni tun ranar nan ban sake taɓa ta ba. Ya ce shi ya gama magana. Da na faɗa wa Hanifa ina jin tsoro, ba ta ko ɗago kai daga littafinta ba, ta ce, "Kak ka ji tsoro, Baba. Ka dai saurare ni."

Na rubuta jawabin ban kwana shafi tara, zan bar shi a gida. Ranar Lahadi zan ɗaga taɓaryar nan in tsaya, komai nauyinta, sai 'yata ta ce sabke.