Sauka Daban, Faɗowa Daban

Wata bakwai tattabaruna suka yi a kulle, daidai watannin da na yi ina jinyar ƙafa bayan babur ya watsar da ni a Titin Ibrahim Taiwo. Ɗakinsu yana saman benenmu a Fagge, ni kuwa ina ƙasa a kan katifa. Inna, mahaifiyata, ita ke hawa ta zuba musu gero da ruwa, ta sauko tana mitar ciwon gwiwa. Buɗe musu kam na hana kowa.

'Yan alkafura ne. In suka yi sama, sai ɗaya ya kife da baya ya yi ta juyi yana gangarowa, har sai gabanka ya faɗi, sannan ya ware fiffike ya koma cikin 'yan'uwansa. Su goma sha ɗaya ne, amma gaskiya ɗaya nake kiwo, sauran 'yan rakiya ne. Wani baƙin namiji mai farin wuya. Uwarsa ta ƙi shi tun yana tsirara, ni na riƙa tauna gero ina ɗura masa da bakina. Ina son tsuntsun nan son da nake jin kunyar faɗa a majalisa.

Tattabarar da ta daɗe a kulle ba a sakinta da ƙoshi. Ta yi kitse, fiffike ya yi sanyi, rufin gidansu ma ta fara mantawa. Yunwa ce igiyar da kake riƙe ta da ita: in ka girgiza gwangwanin gero, dole ta sauko. Don haka tun safiyar Alhamis na ɗauke musu abinci, na sa ranar sakinsu Juma'a da hantsi.

Ba ɓata kaɗai nake tsoro ba. Mu masu kiwo muna da doka, wadda ta sauka a rufinka taka ce, ba roƙo ba shari'a. A tsallake, farkon Sabon Gari, akwai wani Ibo mai sayar da kayan gyaran janareta, haifaffen nan ne, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ɗakin tattabarunsa yana kusa da tankin ruwa a saman wani bene mai hawa uku, daga rufinmu ana hangensa. Ya ci nawa uku a baya, na ci nasa biyu. In mun haɗu a kasuwar tsuntsaye, gaisuwar haƙori kawai muke yi.

Da hantsi na ja sandata na hau, na buɗe ƙofar. Suka yi cirko-cirko, kowa na jiran wani. Baƙin ne ya fara fita, sauran suka bi shi da ƙarar fiffike mai nauyi da ban san su da ita ba. Zagaye biyu suka yi ƙasa-ƙasa, na ce ya isa na ranar farko. Na girgiza gwangwani.

Ko kallo ban ishe su ba.

Na sake girgizawa har hannuna ya yi tsami. Sai ƙara sama suke yi, zagayen yana faɗi, yana karkata Sabon Gari. Ƙarar gwangwanin ce ta hawo da Inna.

"Ka daina wahalar da kanka," in ji ta. "Ai sun ci."

"Sun ci me, Inna?"

"Gero mana. Tun asuba nake jin su. Yau Juma'a ka bar bayin Allah da yunwa, ba ka tsoron alhaki? Sadaka na yi."

Raina ya ɓaci har idona ya rufe. Amma me za ka ce wa matar da ta yi wata bakwai tana hawa bene saboda shirmenka? Na ce, "Sannu, Inna," don in na ƙara kalma ɗaya sai na yi saɓo.

A nan baƙin ya tuna sana'arsa. Ya kife. Na saba ƙirga masa, a huɗu yake warewa. Huɗu ta wuce, shida ta wuce. Ciki cike, fiffike ba ƙarfi, juyin ya fi ƙarfinsa. Ina kallo ya ɓace a bayan tankin mutumin nan, bai taso ba.

Ban san yadda na sauko ba. A cikin adaidaita sahu ina ta shirya rigima, na san ba ni da gaskiya, shi ya sa na ƙara kumbura. Na same shi a ƙofar shagonsa, tsuntsun yana hannunsa a naɗe cikin tsumma, kan yana motsi.

"Malam, ya ƙafa?" ya ce.

"Da sauƙi, Oga. Wannan tsuntsuna ne."

"Na sani. Wa bai san shi ba?" Ya shafa farin wuyan da babban yatsa. "Shekara uku nake fatan ya sauka a wurina."

Duk rigimar da na shirya ta gudu.

"Doka ta ce wanda ya sauka," ya ce. "Wannan bai sauka ba. Faɗowa ya yi." Ya miƙo min shi, amma bai saki nan da nan ba. "Na duba fiffikensa na hagu. Kada ka sa rai."

Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya da ƙyar. Sai da muka hau titi na warware tsumman. Fiffiken ya zubo a kan cinyata, ya karye daga tushe. Na yi kuka a bayan adaidaita, ƙato da ni. Direban ya dube ni ta madubi, ya rage rediyo.