Kwalekwalen Alhaji Sani

Har gobe ban manta da ranar da aka tura ni ciro kwalekwale daga tafki ba. Wani watan Yuli ne, shekarata ta biyu ina direba a wani kamfanin janye motoci a High Point Road, nan ƙasar Turawa.

A wani tafki da ke wajen Summerfield akwai gangaren siminti inda masu kamun kifi ke sauke jiragensu. Wani ya ɗaure tsohon kwalekwale mai inji a wurin, ruwan sama ya cika shi, ya nutse ya tare hanya. Ƙa'idarmu ita ce, idan mai abu yana wurin, sai ya sa hannu cewa shi zai biya kafin mu taɓa komai. Da takardar nan kamfani ke karɓar kuɗinsa.

Ina isa sai na tarar da Alhaji Sani, dattijon da ya ba ni masauki lokacin da na zo daga Maraɗi. A gwanjo ya sayi jirgin, wai zai aika da shi gida. Na ciro takarda, ya dube ni.

"Habu, ni za ka sa in dangwala hannu? Katifar da ka kwana a kai ma tana nan."

Kunya ta kama ni, na mayar da takardar aljihu. Laifina ke nan, ban ɗora wa kowa ba. Wuni muka yi cikin laka, sai da aka ƙaro mota ta biyu da mai ninƙaya kafin jirgin ya fito.

Da patron, wato mai kamfani, ya aike ni karɓo kuɗi, Alhaji ya ce, "Ai jirgin ba nawa ba ne. Na sayar wa Malam Issaka tun azumi, a gaban shaidu, har Fatiha aka shafa."

Na nufi Malam Issaka, mutumin Kumasi. Ya yi dariya, ya kira ni da "Massa", wato maigida a bakin mutanensu. "Massa, rabi kawai na biya. Rabin da ya nutse na Alhaji ne."

"Duka fa ya nutse, Malam!"

"To ka tambayi Alhaji."

Takardar mallaka kuwa ko ɗayansu bai canza ba, sunan mai jirgin na farko, wanda ya riga mu gidan gaskiya, ke kai. Haka na yi ta zarya tsakaninsu kamar ɗan aike, kowa ya ba ni shayi, babu mai ba ni sisi. Jirgin na ajiye a filin kamfani, kuɗin ajiya na ƙaruwa kullum. Patron ya ce, tunda babu sa hannu, to ni na ci bashin: ko a cire a albashina, ko in ajiye makulli. Ran nan na ɗaga wa Alhaji murya a ƙofar masallaci, abin da har yanzu nake istigfari a kai.

A ƙarshe dattawa suka zauna, suka yanke hukuncin da ya fi ba ni haushi: su biyun sun yafe mini jirgin, kyauta, ni kuma in ji da kamfani. Har godiya aka sa na yi, kuɗin kuwa daga albashina aka cire.

Ku masu shigowa aikin nan, ku girmama manya, ku gaishe su har ƙasa, amma biro na hannunku. Wanda zai biya ba ya jin zafin sa hannu.

Jirgin yana nan bayan gidana. Uwargida ta cika shi da ƙasa tana shuka yakuwa. Alhaji kuma duk shekara sai ya aiko a tsinko masa.