Zauren Baba a Tunga, Bayan Shekara Tara

Shekara tara ke nan da rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, amma bana na fi kowace shekara rashin sukuni a kan gidan da ya bar mana.

Gidan ƙasa ne a tungarmu, gabas da Rabah. Kakansa ne ya kafa zauren, Baba ya ƙara ɗakuna da rumbuna. Kowace bazara sai ya tara mu a kwaɓa ƙasa, a yaɓe katanga, a gyara indararo. Wanda ya makara, ko magidanci ne, sai ya sha faɗa.

Baba bai ga ranar da 'yan bindiga suka tashe mu ba. Muka kwaso mahaifiyarmu, Inna, zuwa Wurno, ko geron rumbu ba mu tsaya ɗiba ba. Damina uku ke nan ruwa na dukan ginin, ba mai taɓa shi.

Watan jiya yayana Garba ya yi kasada ya hau babur ya leƙa. Ya tarar ɗakin Baba ya rufta, rumbuna sun zube, zaure kawai ke tsaye, shi ma ya tsage. Ya ce mu ciro azarar rufin mu kawo gari tun gara ba ta cinye ta ba.

Inna ta ce, "In kunka cire azara, mi ya rage? Ran da anka samu lahiya, ina za mu koma?"

Garba ya ce, "Inna, ɗan wa zan kai yaɓe a ɗauke shi?"

Dukansu da gaskiyarsu. Sai in ta tambayar kaina abin da Baba zai ce. Wani lokaci in ga kamar zai saɓi shebur ya tafi shi kaɗai. Can kuma in tuna ba ya barin kowa ya hau katanga in ta jiƙe.

A ƙarshe ni da Garba muka je da hantsi, muka toshe tsagar zauren, kunne na wajen ƙarar babura, muka juyo kafin azahar. Azara na nan inda take. Ƙyauren zauren kawai muka ɗauko.

Ban san ko ginin zai ga kaka ba. Na dai ga Garba, da duk tsoronsa, yana komawa ya sake shafe inda bai yi sumul ba, kamar Baba zai zo dubawa. Ƙyauren kuwa yana jingine a tsakar gidanmu na Wurno. Inna ta hana a kafa shi a ko'ina.