Takobin da Ba Shi da Tsini

Ranar Asabar ta ƙarshen zangon karatu, a shekarar da kasuwannin Douala suka yi ta wuni a rufe, na fito daga lungunmu na New Bell rungume da takobi cikin tsohon zanen Inna. Shekarata tara. An yi ruwa da asuba, ina bin katakan da aka shimfiɗa kan taɓo.

Malaminmu na Turanci, mutumin Bamenda, shi ya shirya mana wasan naɗin sarautar Ingila. Ya rarraba mana hotunan da ya yanko daga wata tsohuwar mujalla, wani kambi, wani sanda, ni takobi, ya ce kowa ya haɗo irin nasa daga gida. Wanda nasa ya fi kyau shi zai shige gaba. Wata biyar ke nan Baba yana zaune a ɗaki tun da kamfaninsu ya rufe, ko majalisar ƙofar gida ya daina fita. Da na miƙa masa hoton, ya daɗe yana kallo, sannan ya tashi ya fasa gwangwanin man gyaɗa. Kwana uku yana yanka yana bubbugawa, ni kuwa in na gama ɗebo ruwa a famfo sai in zauna in goge ƙarfen da toka da lemun tsami har in hango fuskata. Amma bakin takobin a datse ya bar shi. Inna ta ce ai almakashin malam ne ya cinye tsinin. "Ni dai abin da ke takarda na bi, uwata," in ji Baba yana kallona.

A gindin mangwaron makaranta ina kwance zanen aka fashe da dariya. Wata 'yar unguwar Kassalafam ta ce, "Ma copine, ƙawata, shi ma an rage masa albashi ne?" Ba dariyar ta dame ni ba. Baba ne tsaye a bakin ƙofa cikin rigarsa ta Juma'a, yana ji.

Malam ya karɓi takobin, ya jujjuya shi. "Na who make am?" in ji shi da Turancin kasuwa, wato wa ya ƙera. Na nuna Baba. Sai ya ɗaga shi sama ya ce wannan shi ne takobin jinƙai, da gangan Turawa suka bar shi ba tsini don sarki ya tuna da afuwa, kuma duk shekara iyaye sai sun fiƙe shi, yau ne aka kawo masa na daidai. Ni na ja jerin. Iyaye suna tafi, na waiwaya na ga Baba ya gyara zaman hularsa yana gaisawa da mutane ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu a unguwar Bonamoussadi nake zaune, yaran maƙwabta kayan wasansu na roba ne, ba wanda ya san hannun da ya yi su. Baba ya tsufa, idonsa ba ya ganin takarda. Har yau ban sake jin tafi mai daɗin wancan ba.