Ranar da Baba Ya Tauna Latas

Jama'a, Baba ya ci latas! Ɗanye! Da kabeji da tumatir da albasa, ya tauna ya haɗiye, har ya miƙo kwano a ƙara masa. Wallahi cajina saura kaɗan, amma sai na zazzage muku labarin nan kafin wayar ta ɗauke.

Wanda bai san Baba ba zai ce to mene ne abin ihu. Ku tsaya ku ji. Mahaifina manomin lambu ne a fadamar ƙauyenmu, can gefen Kudan. Tun kafin a haife ni yake noma latas da kabeji da karas, a loda a mota a yi Zariya da su. Amma ganye ɗaya bai taɓa shiga bakinsa ɗanye ba. A wurinsa da abokansa na fadama, wannan cimar 'yan birni ce, kai naka ka noma ka loda. In ka miƙa masa sai ya ce, "Ni akuya ne?" Shi dai a ba shi tuwo da miyar da ta ji mai da magi, sai tsire in ya shiga kasuwar Maƙarfi.

Wata biyu da suka wuce jiri ya kwashe shi yana cikin ban ruwa. Muka kai shi asibiti a Ikara, aka ce jininsa ya hau sosai, suga ma ta fara leƙowa. Aka ba shi magani, aka ce ya rage gishiri da mai, ya riƙa cin ganye. Magani yana sha. Ganye kuwa ya ce ko a mafarki. Ni da nake karatun aikin lafiya na zauna na zuba masa lakca har da zane a takarda. Ya bari na gama tsaf, ya ce, "Malam likita, ka ƙare? Tashi ka ɗauko min buta." Dariya ƙannena suka yi, amma ni ban yi ba, don na san inda hawan jini yake kai mutum.

To a nan Iya ta shigo. Iya kakata ce, mahaifiyar Baba, 'yar garin Gubuchi. Ba wanda ya san shekarunta, har ita kanta, amma har yau ita take tsinke zogalenta. Baba ɗanta ne na fari, kun san zancen: ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya durƙusa gaishe ta, kai take kawarwa ta amsa wa bango. In ta kama dole ta ambace shi, "mai lambu" take cewa.

Muna yara, lokacin sanyi, da an idar da Magariba sai ta hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta. Ɗakin nata a jikin zaure yake, inda Baba ke zama da rediyonsa yana jiran Isha'i. Mu zagaye wutar, ƙafafu fururu, kowa na tura ɗan'uwansa. Iya kuma ta jawo ƙwaryarta. Kayan da aka tsame daga lodi ne a ciki: karas mai lanƙwasa, yalo, bayan kabeji, latas ɗin da ya ɗan karye. Ta wanke su da ruwan gishiri, ta ɗauraye har sau uku, ta barbaɗa garin ƙuli-ƙuli. Kowa ta danƙa masa nasa, amma ba a ci sai ta ba da izini.

"Ga wata nan tafe," ta ce, "wa zai tare ta?"

"Mu ne!"

"Kai angona, rufe baki, ƙuda zai shiga. Miji ba cefane sai ci." Da ni take. Har gobe haka take kirana.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta Tsufa ce. Wai Tsufa wata matafiya ce mai ƙaton ƙunshi a ka, cike da ciwon gwiwa da jiri da duhun ido, tana bin gidaje tana neman masauki. Abu ɗaya ta tsana a duniya: ƙarar tauna. Sai ta kafa kunne a jikin zana tukuna. A garin akwai wani mai lambu da maƙwabciyarsa Kunkuru. Mai lambu ya sayar da ganye mai kyau, ya watsar da sauran a bayan gida, Kunkuru ta bi ta tsince. Tsufa ta fara da gidan Kunkuru.

A daidai nan Iya za ta rage murya, ta zaro ido. "Ga ta nan... ta ajiye ƙunshi... ta kafa kunne... Ku tauna, ta iso!"

Kai! Ka ji mu, ƙarmas-ƙarmas-ƙarmas, kamar fara ta sauka a gona. Har hawaye muke yi don albasa, amma ba mai tsayawa. Tsufa ta toshe kunne ta ce, "Wannan gida ba ya kwantuwa, sai wata shekarar." Sau uku tana dawowa, sau uku muna korar ta, kafin nan ƙwarya ta koma wayam. Daga ƙarshe ta leƙa gidan mai lambu, ta ji tsit, loma kawai ake zurawa. Ta yi sallama ta shimfiɗa tabarma. Iya ta rufe da cewa, "Ta ƙare. Wanda ya rage nasa, gobe a bayan wuta zai zauna."

Na taɓa tambayarta ko ke nan Kunkuru ba za ta mutu ba. Ta dungure min kai. "Ajali na Allah ne, sarkin surutu. Ni Tsufa na ce maka. Ita ce ake iya ja wa rai."

Abu ɗaya ya riƙa ba mu mamaki: tatsuniyar nan kaɗai Iya take ɗaga murya a kanta, sai ka ce da kurame take.

Jiya na zo hutun ƙarshen mako, na same ta na kai ƙarar Baba. Da aka yi Magariba sai ta sa aka hura wuta, aka tara ƙananan jikoki, ni ma ƙato da ni na raɓa. Aka kawo kwanon ganye. Haƙoranta huɗu suka rage, don haka nata yanka ƙanana ake yi mata. Ta ja tatsuniya yadda ta saba, yara suka kori Tsufa sau uku. Da Tsufa ta isa ƙofar mai lambu, sai Iya ta katse tatsuniyar. Ta juya ta fuskanci bangon zaure.

"Ni na gaji da tatsuniyar nan," ta ce. "Shekara da shekaru ina yin ta, wanda ake yi dominsa bai taɓa taunawa ba. A gaya wa mai lambu, Kunkuru ta tsufa. Ba ta so ta zauna karɓar gaisuwar mutuwar wanda ya kamata ya karɓi tata."

Rediyo ya mutu a zaure. Ba wanda ya motsa. Ni kuwa a lokacin kaina ya kawo wuta: ashe duk ɗaga muryar nan ba don mu ba ce.

Sai muka ji gyaran muryar Baba. "Kai, malam likita. Kawo min kwanon nan in gani."

Da gudu na kai. Ya juya ganyen yana harara, ya ce, "Wannan ai na kwamin gabas ne, ni na dasa shi." Ya yi bisimilla ya kai baki. Wata ƙanwata ta ƙwala ihu, "Baba, ku tauna, ta iso!" Ya tauna kuwa. Ƙarmas! Gida ya kaure da shewa. Iya ta goge ido da gefen mayafi, ta ce wa bango, "A ce masa Allah ya yi albarka."

A aji an koya mana cewa masu yawan cin ganye da ɗanyen kayan lambu sun fi samun sauƙin ciwon zuciya da hawan jini, kuma galibi sun fi daɗewa da ƙarfinsu. Ganye ba ya maye gurbin magani, kuma dole a wanke shi fes da ruwa mai tsabta. Na haddace duk wannan na ci jarrabawa, amma ban iya sa mutum ɗaya ya ci ganye ɗaya ba. Na ɗauka wayo Iya take yi mana don mu cinye ragowar lodi. Ashe uwa ce da kunya ta hana ta ce wa ɗanta, ka kula da kanka, sai ta riƙa aika saƙon ta bakinmu.

Yau da safe Baba ya ware kwami guda na latas a lambu ya ce ba na lodi ba ne, na gida ne.

Don Allah ku tura wa duk wanda yake da mai lambu a gidansu.