Baƙo da Littafin Hotuna

Duk ƙasar Arewa babu mai sanin littafi kamar Malam Sha'ibu na lakwal, makarantar boko. Shi da kansa ya tabbatar da haka.

Yau a kasuwar Dogon Dutsi ga wani baƙo zaune, da koɗaɗɗiyar rigar sojan Faransa, yatsa guda babu. Da gani ya sha yaƙin ƙetare. Yana buɗa littafin hotuna, jama'a sun kewaye shi.

"Wanga jarumi wawa na," in ji baƙon. "Wa ka shiga daji ba gora?"

Aka fashe da dariya. "Buɗa muna gaba, Baba Soja."

Sha'ibu yana tsaye, ya sha littattafan Faransanci, amma ba wanda ya taɓa ce masa ya buɗa gaba. Littafin ma nasa ne. Bara ya jefar da shi, wai na yara ne.